Wata na Biyu a Bariki: Lacca Kan Sojoji da Yunƙurin Kashe Kai

Assalamu alaikum. Jama'a, ina roƙon ku ɗan nutsu, don maganar yau tana da nauyi.

Idan aka ce soja ya yi yunƙurin kashe kansa a lokacin yaƙi, nan da nan zuciya ke tafiya fagen daga, wurin harbi da gawarwaki. Ni ma haka na ɗauka a da.

Rundunar sojan ƙasa ta Amurka, lokacin da take yaƙi a Iraƙi da Afganistan, ta buɗe takardun asibitinta ga masu bincike, ƙarƙashin wani shiri mai suna Army STARRS. Likitan ƙwaƙwalwa Robert Ursano da abokan aikinsa sun ƙirga sojoji 9,791 da suka yi wannan yunƙuri tsakanin 2004 da 2009. Kusan dukansu ƙananan sojoji ne, hafsoshi ba su kai kashi 2 cikin 100 ba. To ga inda nake so ku buɗe kunne: kashi 61 cikin 100 na ƙananan sojojin nan ba a taɓa tura su yaƙi ba. Ko sau ɗaya. Lokacin da hatsarin ya fi tsanani kuma shi ne wata na biyu da shiga aiki.

Ku dubi kurtun nan. An aske masa kai, an raba shi da uwa da abokai, barci ba ya isarsa, saje na daka masa tsawa tun asuba. Yana ganin ba zai iya ba, komawa gida kuma abin kunya ne. Wa zai faɗa wa? A bariki, wanda ya ce zuciyarsa ta karye, rago ake kiransa.

Waɗanda suka je yaƙi suka dawo, nasu hatsarin ya fi yawa a wata na biyar bayan dawowa. Wato an gama barka da zuwa, 'yan sannu sun watse, an bar mutum shi da abin da idonsa ya gani.

Na san a zauren nan akwai masu ɗa ko miji da ya yi shekaru a Borno yana yaƙi da Boko Haram. Hajiya, idan ya dawo ya daina barci, ya rage magana, ya fara raba kayansa, kada a ce gajiya ce kawai. A zaunar da shi a tambaye shi kai tsaye ko yana tunanin kashe kansa. Tambayar ba ta cusa wa mutum tunanin. Idan ya ce e, kada a bar shi shi kaɗai, a raka shi wurin likita a ranar.