Daga Ohio zuwa Taminus

Assalamu alaikum jama'a. Yau dai ga ni a gida Jos, hutun sati uku na samu. Wancan kangon da kuke hangowa a bayana babbar kasuwar Taminus ce, tun gobarar 2002 ba ta sake tashi ba. Bari in juya kyamara ku gan ta da kyau.

Jiya da daddare a teburin mai shayi, can titin Bauchi, Baffana ya tsare ni da tambaya. Wai shi abin da ya ɗaure masa kai, yaya talakan Amurka yake bin attajiri irin Trump har da ihu?

Na ce Baffa, ai a Ohio nake, a gabana ake yi. A 2017 Trump ya je Youngstown, garin da masana'antun ƙarfe suka fara rufewa tun 1977, ya ce wa mutane kada kowa ya sayar da gidansa, ayyuka na dawowa. Watan Maris na 2019 kamfanin motoci na General Motors ya tsayar da aiki a Lordstown, nan kusa da su. Da zaɓen 2024 ya matso, sai zance ya koma kan 'yan Haiti da ke Springfield, wai suna cinye wa mutane karnuka da kyanwoyi. Hukumar garin ta ce babu hujja, amma sai da aka rufe makarantu saboda barazanar bam.

Akwai wani dattijon Bature da muke lodin kaya tare. Kullum da asuba sai ya tsiyaya min kofi daga filas ɗinsa, hannunsa duk kanta. Kuɗin haya da na magani sun sha masa kai, wallahi kukansa gaskiya ne. Amma ka tambaye shi wa ya jawo, sai ya ce baƙi. Ni fa? Ya ce a'a, kai daban ne.

Baffa ya ajiye kofin shayinsa, ya yi wata 'yar dariya. "Ɗana, da mu aka fara. Ɗan ƙasa da baƙo." Ya lissafo rikicin Jos na 2001, ya lissafo na 2008, ya ce tun lokacin maƙwabcinsa na shekara ashirin ya tashi daga unguwa, yanzu sai dai su gaisa a waya. Kuza ta tafi, kamfanin ƙarfe ya mutu, ba wanda ya hau mumbari a kansu.

To, ga mai dankali can tana ɗaga min hannu, Hajiya ta aike ni tun safe. Mu ƙarasa.