Yadda Gemun Lincoln Ya Haifar da Allon Wasa

Dubi allon ludon da ke gidanku: ja, kore, shuɗi, ruwan ɗorawa. Yau ba wanda ke tsayawa kallon launukan. Amma shekara 200 da suka wuce, a Turai, allon wasa mai launi sai 'ya'yan masu hannu da shuni. Sai an sassaƙa zanen a farantin tagulla, a buga, sannan a zauna da buroshi ana shafa launi da hannu, allo ɗaya bayan ɗaya.

A 1796 wani Bajamushe a birnin Munich, Alois Senefelder, ya gano wata dabara. Kowa ya san mai da ruwa ba sa jituwa. Sai ya yi zane da alli mai maiƙo a kan shafaffen dutse, ya jiƙa dutsen, ya murza tawada mai maiƙo a kai. Tawadar ta kama zanen kaɗai, ta ƙi inda ruwa ya kwanta. A ɗora takarda, a danna, hoto ya fito. Bugun dutse ke nan, wato litogirafi. A 1837 Godefroy Engelmann ya yi rajistar bugun launi a Faransa: kowane launi da dutsensa, takarda tana bin su bi da bi. Daga nan launi ya yi arha.

Yanzu mu tsallaka Amurka. A 1860, a garin Springfield na jihar Massachusetts, wani matashi mai suna Milton Bradley, mai injin bugun dutse, yana buga hoton ɗan takarar shugaban ƙasa Abraham Lincoln, fuska ba gemu. Ciniki na tafiya daidai, kwatsam sai Lincoln ya tsayar da gemu. Wa zai sayi hoton da bai yi kama da mai shi ba? Kaya suka yi kwantai.

Inji kuwa ga shi a ajiye. Sai Bradley ya buga wasa mai gida 64, The Checkered Game of Life. Ana farawa daga jarirantaka, ana neman kaiwa ga tsufa cikin kwanciyar hankali, a hanya kuma ga gidan lalaci, ga na talauci, ga na caca. Bai ma yarda a yi jifa irin na ludo ba, domin a lokacin ana ganinsa aikin 'yan caca ne. Wata 'yar katantanwa mai lambobi ake murzawa.

Cikin shekara guda ya sayar da fiye da 40,000.