Jawabi a taron ƙungiyar Hausawa mazauna Kusuri: Mahamat-Saleh Haroun da aikin ajiye shaida

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ranka ya daɗe Sarkin Hausawa, Allah gafarta malamai, shugaban ƙungiya, iyayenmu mata, 'yan'uwa da kuka tsallako gadar Ngeli daga Injamena, sannunku da zuwa.

Na nemi wannan dama ne in yi magana a kan ɗan fim. Na san akwai dattawa a nan da kalmar fim kaɗai ke ɓata musu rai, don abin da ke zuwa musu a zuci shi ne rawa da waƙa da lalacewar tarbiyya. Ina roƙon ku ba ni aron kunnuwanku, domin mutumin da zan ambata ya yi wa waɗanda aka zalunta aikin da manyan masu mulki suka kasa yi.

An haifi Mahamat-Saleh Haroun a Abeche a 1961. Yaƙin basasar Cadi ya riske shi yana saurayi, harsashi ya same shi, aka tsallako da shi kogi zuwa nan Kamaru, kamar dubban mutanen da iyayenmu suka saukar a zaurukansu a wancan lokaci. A 1982 ya isa Faransa, ya karanci fim a Faris da aikin jarida a Bordo. Daga nan ya fara fitar da finafinai, har a 2010 ya karɓi kyautar alƙalai a bikin finafinai na Cannes a Faransa. Albarkacin wannan nasara aka gyara silimar Normandie ta Injamena, aka sake buɗe ta a 2011 bayan ta daɗe a rufe. Ya riƙe minista na al'adu shekara guda, daga 2017 zuwa 2018.

Kyaututtukan ba su ne suka tsayar da ni a gabanku ba. A fim ɗinsa Daratt na 2006, rediyo ya sanar da afuwa ga duk masu laifin yaƙi. Wani tsoho makaho ya ɗauko bindiga ya miƙa wa jikansa, ya ce je ka nemo wanda ya kashe ubanka. Yaron ya same shi yana gasa burodi, har mutumin ya ɗauke shi aiki, suna kwaɓa fulawa tare, bindiga na ɓoye. Duk wanda ya taɓa haɗuwa da macucinsa a kasuwa ko a sahun salla ya san nauyin wannan zama.

A 2016 kuma ya ajiye ƙagaggen labari ya yi fim na gaskiya a kan mutanen da suka tsira daga hannun DDS, 'yan sandan ciki na Hissein Habre, wanda ya mulki Cadi daga 1982 zuwa 1990. Kwamitin bincike na 1992 ya ƙiyasta mutum 40,000 ne suka halaka. Haroun ya bi Clément Abaifouta, shugaban ƙungiyar waɗanda aka azabtar, wanda aka kama yana ɗalibi a 1985, ya shekara huɗu a tsare ana tilasta masa haƙa kabari yana binne 'yan'uwansa fursunoni. Gida gida suka shiga. Wani ya nuna tabon igiyar arbatashar, ɗaurin da ake haɗa hannuwa da ƙafafu ta baya har jiki ya shanye. Wani ba ya iya tashi sai an ɗaga shi. Haroun bai yi musu gaggawa ba, ya bar kowa ya faɗi nasa da bakinsa, in kuka ya zo a jira. A shekarar 2016 ɗin, ranar 30 ga Mayu, kotu ta musamman a Dakar ta yanke wa Habre ɗaurin rai da rai. Abin da ya kai shi can shi ne shaidar talakawa da aka tattara shekara da shekaru, irin takardun da wani tsohon fursuna, Souleymane Guengueng, ya rubuta ya ɓoye, da naciyar lauya Jacqueline Moudeina.

To, mu fa? A 2015 an kashe mutane a Fotokol, bam ya tashi a Marwa da babbar kasuwar Injamena. A unguwanninmu akwai zawarawa daga Gamboru da Baga, akwai 'yan'uwa a sansanin Minawawo. Muna kai musu hatsi da tufafi, Allah ya saka wa masu bayarwa. Amma wa ya zauna ya ɗauki bayaninsu, sunan wanda aka kashe, ranar, garin, gonar da aka bari? Tsofaffin cikinsu suna rasuwa, abin da suka gani yana bin su kabari. Ranar da za a zo batun diyya ko shari'a, za a tambaye mu hujja.

Yaranmu da muke yi wa faɗa kan riƙe waya dare da rana sun iya ɗaukar hoto da murya fiye da mu. Shawarata ga shugabanni ita ce a zaɓi samari da 'yan mata masu natsuwa, mata su ɗauki bayanin mata, kuma kada a ɗauki kowa sai da yardarsa. Wanda ke tsoro a ɓoye fuskarsa da sunansa. A ware wani abu daga asusun ƙungiya don kuɗin mota da ma'ajiyar bayanai, a damƙa amanarta ga liman da magatakarda. Ina kuma roƙon a nemo fim ɗin na 2016 mu kalla tare a taro mai zuwa, wanda ya iya Larabcin Cadi da Faransanci ya riƙa fassara wa iyayenmu. Masu son shiga aikin su ba magatakarda sunayensu kafin a tashi.

Na gode. Wassalamu alaikum.