Abedi Pele: Gwarzon Afirka Sau Uku a Jere

A daren 26 ga Mayu, 1993, a birnin Munich na Jamus, ana dab da tafiya hutun rabin lokaci, wani gajeren ɗan wasa mai lamba 10 ya ajiye ƙwallo a kusurwar dama, ya ɗauko ta da ƙafar hagu zuwa bakin raga, Basile Boli kuma ya sa mata kai ta shige. Da wannan ƙwallo ɗaya tilo Marseille ta doke AC Milan, ta zama ƙungiyar Faransa ta farko da ta ɗauki Kofin Zakarun Turai. Wanda ya yi bugun kusurwar shi ne Abedi Ayew na Ghana.

An haife shi a 1964, asalin iyayensa kuwa daga Paga ne a arewacin Ghana. Tun yana yaro gwanintarsa wajen yanka da sarrafa ƙwallo ta sa aka laƙaba masa sunan Pele na Brazil, sunan da ya bi shi har ya kusa shafe na yanka. Ya fara yin fice a ƙungiyar Real Tamale United, kuma yana da shekara 17 kacal aka sa shi cikin tawagar ƙasar Ghana, wato Black Stars, da ta ɗauki Kofin Afirka a Libiya a 1982. Bayan nan ya yi yawo a Katar da Benin da ƙananan ƙungiyoyin Faransa kafin tauraronsa ya haska a Marseille, har aka zaɓe shi gwarzon ɗan ƙwallon Afirka a 1991 da 1992 da 1993.

Sai dai abin da ya fi tsaya wa masoyansa a rai ya faru ne a gasar Kofin Afirka a Senegal a 1992. A wasan kusa da na ƙarshe Najeriya ce ta fara cin Ghana, Abedi ya farke da kai, Ghana ta yi nasara da ci biyu da ɗaya, amma katin gargaɗin da alƙalin wasa ya ba shi a ranar shi ne na biyu a gasar, saboda haka aka haramta masa wasan ƙarshe. Yana zaune a gefe yana kallo Kwaddibuwa ta doke Ghana a bugun fanareti da ci 11 da 10. A ganina babu rashin da ya kai wannan ciwo a rayuwarsa ta wasa, domin shi ne kyaftin, shi ne kuma aka zaɓa gwarzon gasar.

Bai taɓa buga Gasar Kofin Duniya ba, kasancewar Ghana ba ta samu gurbi ba sai a 2006, bayan ya rataye takalmansa. 'Ya'yansa uku, Ibrahim da André da Jordan, su ne suka samu shiga tawagar Ghana zuwa wannan gasa, kuma André ne ya jagoranci matasan Ghana 'yan ƙasa da shekara 20 suka ɗauki kofin duniya a Masar a 2009, karo na farko da wata ƙasar Afirka ta yi hakan.