Titin Heyvaert: Yadda Nake Raba Hotunan Motoci da Baki, Hannuna Duk Baƙin Mai

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da warhaka. Yau muna Brussels, babban birnin Beljiyam, a titin Heyvaert da ke tsakanin Anderlecht da Molenbeek, gab da bakin kanal. Bari in juya kyamara ku gani. Gareji ne jere hagu da dama, ga manyan motocin ɗaukar motoci sun tare rabin hanya. Wanda ya taɓa sayen mota 'yar Beljiyam a Kano ko Maradi ko Yamai, ba mamaki ta nan ta bi kafin ta kai tashar jiragen ruwa ta Antwerp.

Kawu, ina kwana? An tashi lafiya? Ya sanyi? To madalla. Corollar nan ta jiya tana ciki ko? Yawwa, ita na zo dubawa.

Aikina dai kun sani, mutum yana gida ya ce in duba masa mota, in ɗauko masa komai ya gani kafin ya turo kuɗi. Da yawanku kun tambaye ni me nake faɗa wa waya a ƙarshen kowace dubawa, kuna ganin ina magana ni kaɗai kamar mai sambatu. To yau shi za mu yi.

Mota ɗaya tana cin hoto talatin ko fiye. Gaba, baya, gefe da gefe, tayoyi, cikin bonet, ƙarƙashi saboda tsatsa, kujeru, dashbod inji yana kunne don a ga ko akwai fitilar da ta ƙi mutuwa, mitar kilomita, lambar shasi, sai takardu. A nan Beljiyam akwai wata takarda da ake kira Car-Pass, wadda ke nuna tarihin kilomitan mota, ita ma in akwai ta sai an ɗauka. Ga bidiyon ƙarar inji. Yanzu ka duba mota biyar ko shida a wuni guda, uku daga ciki Corolla ne ruwan toka. Da daddare ka buɗe waya, hotuna sun haura ɗari, kowanne sunansa IMG da wasu lambobi. Cikin bonet ɗin wannan da na waccan duk kamarsu ɗaya. Ranar da ka tura wa Alhaji injin wata motar a matsayin tasa, ba zai ce kuskure ba ne, cewa zai yi an cuce shi, kuma ba ka da bakin kare kanka.

Ni a ganina lokacin da ya dace a raba hotuna shi ne nan take, kana tsaye a jikin motar, idonka yana kan lambarta. Matsalar ita ce a daidai wannan lokacin hannunka ba ya taɓuwa da waya. Ku dubi nawa. Ga baƙin mai, ga safar hannu, in hunturu ne kuma yatsun ma sun ƙage. Baki ne kawai ya rage ba ya aikin komai.

Ga yadda abin yake a waya ta. iPhone ce, kuma akwai manhaja a ciki mai suna Shortcuts, kyauta ce. Asalinta wata manhaja ce Workflow da Apple ya saya a 2017, ya fito da ita da wannan suna a 2018. Aikinta ka jera wa waya matakai, ka raɗa wa jerin suna, duk lokacin da ka faɗa wa Siri sunan, wato mataimakiyar iPhone mai jin murya, sai ta bi matakan ɗaya bayan ɗaya. Ba sai ka iya rubuta manhaja ba, zaɓa kake yi kana jerawa.

Bari in gwada muku a kan wannan motar, na riga na gama ɗaukarta. Ku saurara. "Siri, file car." Kun ji ta tambaye ni lamba. Sai in leƙa gilashin gaba, can ƙasa ta ɓangaren direba, in karanto huɗun ƙarshe na lambar shasi. Ta sake tambaya wace tashar jiragen ruwa za a sauke motar. Na ce ta biyu. Shi ke nan. Ku duba fuskar wayar, ga sabuwar folda ta buɗe da kanta a ƙarƙashin Lome, sunanta kwanan watan yau da lambobin nan huɗu, hotunan duk sun shige.

Yanzu mu buɗe cikinta ku ga abin da na jera. Matakin farko tambaya ce, kuma na gaya mata amsar lamba ce zalla, kada ta saurari komai sai lamba. Wannan yana rage kuskure sosai. Lambar shasi harafi da lamba 17 ce, babu I, babu O, babu Q a ciki don kada a rikita su da ɗaya da sifiri. Amma kada ka ce za ka karanta duka 17 ɗin a cikin hayaniyar gareji, B da D da P duk za su cakuɗe. Huɗun ƙarshe lambobi ne, su nake faɗa, ɗaya-ɗaya, ba na haɗa su in ce dubu kaza da ɗari kaza. In kuna tsoron motoci biyu su zo da huɗun ƙarshe iri ɗaya, kwanan watan da ke gaban sunan zai bambanta su. Shekara nake fara sawa, sai wata, sai rana, don foldodin su jeru da kansu daga tsohuwa zuwa sabuwa.

Mataki na biyu zaɓin tasha ne: Kwatano, Lome, Legas. Na raba su ne saboda takardun kowace hanya da mutanen da ke karɓa daban suke. Tun farkon 2017 Najeriya ta hana shigo da motoci ta kan iyakokin tudu, don haka mai son tasa ta shiga da takardun kwastan tsaf, Legas ake sauke masa. Mutanenmu na Nijar kuwa, tun da aka rufe iyakar Gaya da Malanville, wato hanyarsu ta Kwatano, bayan juyin mulkin Yulin 2023, da yawa sun karkata ta Lome, su ratso Burkina Faso. Hanya ta yi tsawo, kuɗi ya ƙaru, wannan hira ce ta wata rana.

Sai mataki na uku, wanda shi ne zuciyar abin. Na ce ta nemo duk hoto da bidiyon da aka ɗauka cikin minti ashirin da suka wuce. Akwai wata hanyar, ka ce ta kwaso hotuna talatin na ƙarshe, amma ban so ta ba, domin ba kullum adadin yake zama ɗaya ba. Motar da ta sha tsatsa ta fi cin hoto. Sharaɗin hanyar minti ashirin ɗaya ne: kana gamawa da mota ka kira umarnin kafin ka matsa ga ta gaba, kuma in motocin suna kusa da juna ka rage mintunan, in ba haka ba ta haɗo maka da wutsiyar ta baya.

Na huɗu, ta mayar da hotunan JPEG. iPhone tana ajiye hoto ne a wani tsari da ake kira HEIC tun 2017, wasu tsofaffin kwamfutoci da wayoyi ba sa buɗe shi. A wannan matakin akwai wani ɗan maɓalli da dillalai ya kamata su sani. Kowane hoto yana ɗauke da bayanan ɓoye, har da daidai wurin da aka ɗauke shi in ka bar waya tana sa wuri. Ka tura shi yadda yake, mai wayo zai buɗe ya ga garejin a taswira, gobe ka ji ya turo ƙaninsa da ke garin Liège a nan Beljiyam ya zo ya yi ciniki kai tsaye, kai kuma la'adarka ta bi ruwa. Na kashe maɓallin adana bayanan, hoton ya fita fes.

Na ƙarshe, ajiya a iCloud Drive, ma'ajiyar Apple ta intanet. Ka kashe zaɓin da ke sa ta tambaye ka inda za ta ajiye, ka rubuta mata hanyar da kanka: tasha, sai kwanan wata da lamba. In foldar babu ita, za ta ƙirƙira. Ku lura, gigabait 5 kawai ake ba mutum kyauta a can, Google Drive kuma 15. Bidiyon 4K zai cinye wannan kafin ka ankara, shi ya sa na mayar da nawa 1080. Mai saye ƙarar inji yake son ji, ba fim ya ce a yi masa ba.

Wani zai ce me ya hana in sa sunan mai motar maimakon lamba. Siri ba ta jin Hausa. Tana da Turanci, Faransanci, Larabci, Jamusanci da wasu, kuma harshe ɗaya ake saita ta a kai. Sunayenmu, musamman masu ɗ da ƙ da ts, ba abin da za ka dogara da su ba ne a nan. Ko da ma tana ji, ina da Alhaji Sani fiye da ɗaya. Shi ya sa tashoshin ma na ba su lamba, ta ɗaya, ta biyu, ta uku. Duk kalmar da za ka zaɓa ta zama gajera, kada biyu su yi kama a kunne.

Ga kuma inda na ja layi, kuma ina ba ku shawara ku ma ku ja. Murya tana kai hoto folda, amma ba na barin ta tura wa mutum. Ana iya haɗa shi, ka ce ta aika wa wane ta aika. Sai dai hoton da ya faɗa foldar da ba tasa ba, da daddare zan gani in mayar da shi, babu wanda ya sani. Wanda ya shiga wayar wani kuwa ya shiga, ko ka goge ya riga ya gani. Kuma fa ba hoton taya kaɗai ke cikin wayar nan ba, akwai fasfo ɗin mutane, akwai rasit mai ɗauke da ainihin farashi, akwai takardar jirgi. Don haka ina da umarni na biyu wanda ke haɗa hotunan folda su zama PDF guda, ya buɗe mini shafin turawa, ya tsaya nan. Ni zan cire safa, in goge hannu, in dubi sunan da idona, sannan in danna. A WhatsApp kuma a matsayin takarda nake turawa, domin in ka tura a matsayin hoto yana matse shi, ƙananan rubutun takarda su dushe.

Abu biyu da za ku ci karo da su. In wayar tana kulle, za ta ce ka buɗe kafin ta taɓa hotuna, kallo ɗaya ya isa in kana da Face ID, wato buɗe waya da fuska. Sai hayaniya. In ana ta tayar da inji kusa da kai, ka sa abin kunne mai makirfo, ko ka yi amfani da ƙwanƙwasa bayan waya. Tun 2020 ana iya saita iPhone ta yadda in ka buga bayanta sau biyu ko uku za ta tayar da umarnin da ka zaɓa, da safa ma yana yi.

Masu Android, na san ku ne mafi yawa, Tecno da Infinix da Samsung. Irin wannan jerin ana haɗa shi da wata manhaja ta kuɗi mai suna Tasker, tare da ƙarinta AutoVoice, amma sai ka zauna ka ba ta lokaci, ta fi wuyar sha'ani. In ba ka da wannan haƙurin, ga mai sauƙi, kuma a nan kun fi mu morewa: a 2024 Google ya sa Hausa cikin harsunan da allon rubutunsa na Gboard ke rubutawa daga murya. Kafin ka fara ɗaukar mota, buɗe Drive, ka yi sabuwar folda, ka danna makirfon allon rubutu ka faɗi lambar. Hoton farko kuma kullum ya zama na lambar shasi. Ko ba ka raba komai a wurin ba, in ka zo dubawa ka san daga wannan hoton har zuwa lambar shasi ta gaba duk mota ɗaya ce. Ni kaina ina yin haka har yanzu, duk da umarnin murya, don in wani abu ya ƙi aiki ba a rasa kan zaren ba.

Kawu yana yi mini hannu, wai an fito da wata RAV4 daga ciki. Wanda yake son in nuna yadda ake jera matakan daga farko a kan fuskar waya, ya faɗa, sai mu yi shi a gida inda babu ƙarar inji. Mu je mu ga ƙarƙashinta tukuna.