Lofen Da Aka Ce Ba Lofe Ba Ne

Wannan hoton ya sake dawowa yana yawo a wayoyi. Ga yadda yake. Lofe ne na shan taba, ruwan ƙasa, bakinsa baƙi. A ƙarƙashinsa an rubuta da Faransanci: "Ceci n'est pas une pipe." Wato wannan ba lofe ba ne.

Wasu sun ce a juya wayar, za a ga wani abu daban. Wasu sun ce kacici-kacici ne. Ku bar wayarku yadda take, babu abin da aka ɓoye.

Wanda ya zana shi René Magritte ne, mutumin Beljiyam, a 1929, lokacin yana zaune a wajen birnin Paris. Zanen yana wani gidan adana kayan fasaha a Los Angeles ta Amurka, faɗinsa bai kai mita ɗaya ba. Tarihi ya ƙare, mu shiga magana.

Za ka iya cusa taba a cikin wannan lofen? Za ka iya kunna shi? Amsar da Magritte ya ba masu yi masa ƙorafi ke nan: ai hoto ne, da ya rubuta cewa lofe ne, da ya yi ƙarya. Hoton tuwo ba ya maganin yunwa.

To a nan yawancin mutane ke tsayawa, su ce wa bai san haka ba? Kuma a nan ake ɓata. Da iya maganar ke nan, da ba a kusa shekara ɗari ana tattauna ta ba. Ku sauke ido daga lofen, ku dubi rubutun.

Ku dubi hannun. Haruffa a haɗe, tsaf-tsaf, irin rubutun malamin firamare a kan allo. Ku tuna aji ɗaya: hoton akuya a bango, a ƙasa an rubuta akuya. Malam ya nuna da sanda, mu kuma mu amsa baki ɗaya. Tun daga nan muka haddace cewa duk rubutun da ke ƙarƙashin hoto sunan abin yake faɗa, kuma ba a musu da shi. Magritte ya yi aikin zanen talla don ya ci abinci, ya san wannan ɗabi'ar ciki da waje. Sai ya ɗauki magana ta gaskiya ya ajiye ta a gurbin suna. Rubutu ya faɗi gaskiya, idonmu ya ƙaryata shi. Wannan rikicin da kake ji a kanka, shi ne abin da ya zana.

A matso kusa. Ƙara matsowa. Kun ga rubutun ma fenti ne, a kan ƙyalle ɗaya da lofen. To kalmar "wannan" me take nunawa? Hoton da ke sama? Ita kanta kalmar? Ko zanen gaba ɗaya? Duk wanda ka zaɓa, maganar tana nan daram, don babu ɗaya a cikinsu da za ka sa a baki.

A 1930 Magritte ya juya abin a wani zanen. Ga takalmin mace, an rubuta wata. Ga hula, an rubuta dusar ƙanƙara. Ga guduma, an rubuta hamada. Ku lura da kanku yanzu: kun riga kun fara neman abin da ya haɗa takalmi da wata. Ni dai wannan ne ke tayar mini da hankali. Zuciya ba ta saurin watsi da rubutu, sulhu take nema tsakaninsa da hoto. Da haka ake ɗauko tsohon hoton rikici daga wata ƙasa, a rubuta sunan garinku a ƙasa, kafin la'asar mutane sun fara cewa sun gane unguwar.

Magritte bai rabu da lofen nan ba. A 1966, shekara ɗaya kafin ya mutu, ya sake zana shi: tsohon zanen da rubutunsa a kan abin ɗora allo a cikin ɗaki, a sama kuma wani ƙaton lofe yana shawagi, babu ko harafi ɗaya a ƙarƙashinsa.