Kwandon Tumatir, Buhun Albasa da Sararin Riesz

Jama'a, barkanmu da war haka. Yau lissafi za mu yi, a kan yadda wani ɗan sharaɗi ke mai da matsala mai lanƙwasa miƙaƙƙiya. Ku biyo ni kasuwar Mile 12 ta Legas da sassafe, lokacin da manyan motoci ke sauke kaya daga Arewa.

Ga 'yan kasuwa biyu. Na farko ya sauke kwando 3 na tumatir, ba shi da ko ƙwayar albasa. Na biyu buhu 4 na albasa gare shi, tumatir babu. A kan allo mu rubuta na farko (3, 0), na biyu (0, 4). Duk gurbin da wannan ya cika, na wancan fanko ne. In ka ɗauki ƙaramar lamba a kowane gurbi, sifili za ka tarar. Irin waɗannan su ne muke cewa ba su haɗa gurbi ba. Damar zaɓen ƙarami da babba ɗin nan ita ke mai da sararin bekta, wato tarin abubuwa irin su (3, 0) da (0, 4) da ake iya tarawa a kuma ninka da lamba, ya zama abin da ake kira latis. Ana kuma ce masa sararin Riesz, da sunan Frigyes Riesz ɗan ƙasar Hangari, wanda ya buɗe wannan ƙofa a taron masana lissafi na duniya a Bolonya ta Italiya a 1928.

To, a ce za a yanka musu kuɗin sauke kaya. Ƙa'ida ta farko: a ninka lambar kowane gurbi da kanta, a tara. Mai tumatir 9, mai albasa 16. Suka haɗa kaya wuri guda, (3, 4), aka sake lissafi: 25. Daidai wa daida, babu wanda aka cuta.

Ƙa'ida ta biyu: a fara tara komai, sannan a ninka jimillar da kanta. Kowa shi kaɗai, 9 da 16 ne dai. Amma da suka haɗa, 7 sau 7, sai ga 49. Ina 24 ɗin nan ya ɓullo? Ku duba da kyau: 2 sau 3 sau 4 ne. An ninka tumatir da albasa, abin da ko yaron shago zai ce bai yarda ba.

Ƙa'idojin nan biyu dukansu polinomiyal ne, lissafin da aka gina da tarawa da ninkawa, masu daraja 2, wato in kaya ya ninku biyu, kuɗi ya ninku huɗu. Amma ta farko ce kaɗai ke da halin da muke nema: in x da y kayan mutum biyu ne, P kuma kuɗin da aka yanka, to muddin x da y ba su haɗa gurbi ba, P(x + y) daidai yake da P(x) + P(y).

Abin da ya fi burge ni shi ne yadda wannan ɗan sharaɗi ke kore duk wani ninki tsakanin gurabe daban-daban, komai yawansu, ko da ba su ƙirguwa. Sundaresan ya nuna haka a 1991 a kan wasu sarare. A 2005 Pérez-García da Villanueva suka tabbatar da shi a kan sararin fankishin marasa yankewa, wato ƙa'idojin da ke ba kowane ɗigo lamba ba tare da tsalle ba, sai Benyamini da Lassalle da Llavona suka faɗaɗa shi zuwa latis ɗin Banach, wato latis mai ma'aunin tsawo da ba shi da giɓi, a 2006. Maganar guda ce: irin wannan polinomiyal mai daraja n, in dai ba ya tsalle, to ɗaga x zuwa ƙarfin n kawai yake yi, kamar yadda muka ɗaga 3 zuwa ƙarfin 2 ta zama 9, sannan ya miƙa sakamakon ga awo na miƙe, mai tarawa ba tare da gauraya ba. Matsala mai lanƙwasa ta koma miƙaƙƙiya, kuma kayan aikin miƙaƙƙun matsaloli masana na da su jingim.

Sai dai akwai ƙaya a hanya. A latis ana tarawa, ana zaɓen babba da ƙarami, amma babu wanda ya yi maka alkawarin za ka iya ninka x da x. To mene ne x a ƙarfin 2? Dole aka gina masa sabon gida da zai zauna. Buskes da van Rooij ne suka gina murabba'in latis, daga baya Boulabiar da Buskes suka kai ginin zuwa kowane ƙarfi.

Yanzu ku ɗauki biro ku gwada daraja 3 da kayan mutanenmu na Mile 12. A rarrabe, 27 da 64 sun ba da 91. A haɗe ta ƙa'ida ta biyu, 343. Ku nemo inda 252 ya fito.